Kakana da Dutsen da Ba Dutse Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kakana na wajen uwa, wanda ni nake ce wa Tsoho, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a asibiti nan Staten Island. Kafin la'asar falon Kawuna a Tompkinsville ya cika maƙil da mutanen da rabonsu da gaishe shi tun yana iya tuƙi.

Ni ina tsaye bakin ƙofa, aikina jera takalma, don ba a ba irina kujera. Daga nan na ga kowa da kyau. Akwai wani Alhaji da ke aiki a wani ofishin jakadanci a Manhattan, ya shigo turarensa ya riga shi, ya zauna ya gyara babbar riga ya ce, "Marigayi mutum ne mai haƙuri." Wallahi saura kaɗan in yi dariya. Tsoho mai haƙuri? Mutumin da in shayi ya yi sanyi sai ya zagi kofin? Wata Hajiya mai shagon atamfa tana kuka da ido ɗaya, ɗayan idon na kan waya, tana duba ko hoton da take ɗaukar kanta yana fita. Wani kuma ya ce marigayi ba ya son yawan magana. Wannan ko dai bai taɓa shiga motar Tsoho ba, ko kuma gidan rasuwar ya ɓata. Duk suka yi ta yabon wani mutum salihi mai sanyin murya da ni ban taɓa gani ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ko da yake rubutu ba sana'ata ba ce. In na bari, wancan mutumin nasu ne zai zauna a bakin mutane, Tsoho na gaskiya ya ɓace.

Da aka shafa fatiha sai Kawu ya miƙe. Shi ne babban ɗan Tsoho, wan uwata, direban wani babba ne a ɗaya daga cikin ofisoshin nan, amma in ka ga kwat ɗinsa sai ka rantse shi ake tuƙawa. Ya ce iyali sun yanke shawara, za a yi wa Baba sallah a nan, sannan a ba kamfanin da ke shirya gawa, a sa shi jirgi zuwa Kumasi. Ya ce can za a yi komai yadda ya kamata, da rumfuna da kujeru da manyan zango. Falo ya ɗauki "Masha Allah, ɗa na gari."

Na ce daga bakin ƙofa, "Ya ce a binne shi nan."

Aka juyo ana neman inda maganar ta fito, kamar takalman ne suka yi magana.

Kawu ya ce, "Wa ya ce?"

"Shi."

"A ina ya gaya maka?"

"Kansas."

Aka kwashe da dariya, a gidan mutuwa. Alhaji mai turare har da share ido. Kowa ya san labarin tafiyarmu Kansas, tun bara ake mana dariya a kai, wai tsoho ya ruɗe, jika kuma dama ba shi da aikin yi.

Limaminmu mutumin Damagaram ne, siriri, ba ya son hayaniya. Ya ɗaga hannu ya ce, "To, bon. Wasiyya ba abin wasa ba ce. Yaro, akwai wanda ya ji bayan kai?"

Na ce babu, sai shanu.

Ya ce a shari'a ana son shaidu biyu, kuma adilai. Kawu ya ce, "Malam, ka dube shi. Makaranta ya gudu, jakunkunan jabu yake sayarwa a Canal Street, sallar asuba sai an buga masa ƙofa. Wannan ne adilin?" Sannan ya tako har inda nake, ya rage murya ya ce, "A ɗakin ƙasan gidana kake kwana. Ka ƙara buɗe baki a kan maganar nan, ka nemi wajen kwana."

Duk abin da ya faɗa a kaina gaskiya ne. Amma Tsoho ya ce a binne shi nan, wannan ma gaskiya ne.

Bari in gaya muku waye shi. Gajere ne, baƙi, da gemu kamar an manna masa auduga a gurguje. Taksi ya tuƙa a birnin nan tun kafin a haife ni, har idonsa ya fara hazo likita ya hana. Ya san kowane lungu na Manhattan, amma bai taɓa hawa ko ɗaya daga cikin dogayen benayen nan ba. In ka tambaye shi ya ce, "Ni na kai su ƙofa, abin da suke yi a sama ba ruwana." Goro kullum a kumatu. Yana da wata jar hula da ta koma ruwan ƙasa, Kakata ta sha ɓoye ta, shi kuma ya sha tono ta. Bai taɓa kirana da sunana ba. Ɓarawo yake ce mani, wai ina zagaya masa mata, don Kakata maigida take ce mani, in na shigo ta ture masa kwano ta ce ango ya iso. Ni kuma ina ce masa Tsoho, ko in ce mai ƙafa ɗaya a rami. Wanda bai tashi cikinmu ba zai ce rashin kunya ce. Tsakanin jika da kaka haka abin yake, kuma ni da shi mun riƙe shi da gaske.

Lokacin da na bar makaranta kowa ya yi mani wa'azi. Uwata ta yi kuka, Kawu ya tara mutane, har daga Kumasi aka bugo waya ana zagina bi da bi. Ban da Tsoho. Ran Lahadi ya jefo mani makullin tsohuwar motarsa ya ce, "Taso, ɓarawo. Tunda kai ba ya ɗauka, mu ga ko ƙafa za ta ɗauka." Ya kai ni wani filin ajiye motoci kusa da tashar jirgin ruwa a St. George, ya koya mani tuƙi. Koyarwar duk zagi ce. "Kai ba direba ba ne, mai riƙe sitiyari ne." "Birki kake takawa ko kunama kake kashewa?" Haka muka yi ta yi duk Lahadi har na samu lasin. Ranar da na nuna masa, ya juya shi gaba da baya ya ce hoton ya fi ni hankali. Daga baya Kakata ta gaya mani wai har mai wanki a layinmu sai da ya gaya wa.

To bara da rani ya ce in kai shi Kansas. Wai wani fasinja ya taɓa gaya masa, shekaru da yawa, cewa a can akwai wurin da ya fi ko'ina tsawo a jihar gaba ɗaya, kuma mota na kai mutum har ƙololuwa. Ya ce, "Tunda na zo ƙasar nan ƙafar wani ke bisa kaina. In ba mai gidan sama ba, jirgin ƙasan da ke bi ta kan gada. Ina so in tsaya wurin da babu kowa samana sai Allah." Na ce akwai rufin gidan Kawu, ga tsani nan. Ya ce in ba zan iya ba in faɗa, ya san dama hannuna bai kai na babbar hanya ba. Da wannan ya kama ni. Ga shi lokacin kasuwa ta mutu, ni kuma in na yi sati a wuri ɗaya sai jikina ya fara ƙaiƙayi.

Ni da na ji wuri mafi tsawo, dutse na hango, irin na talabijin, da ƙanƙara a kai. Na je Canal Street wajen wani abokina na karɓi takalmin hawan dutse, da jaka mai igiyoyi, da rigar sanyi mai kauri. Tsoho ya kalli kayan ya ce, "Madalla, ka shirya." Shi abin da ya ɗauka babbar rigarsa ta Juma'a, da buta, da darduma, da garin rogo da shito, yajin nan na Gana, da Kakata ta ɗura mana a kula, da ƙullin goro a jiƙaƙƙen tsumma.

Kwanaki muka yi a hanya. Ba zan ba ku labarin kowace jiha ba don duk ɗaya suke, masara da manyan motoci da gidan mai. Yana zaune a gefena yana taka birkin da babu a ƙarƙashin ƙafarsa. In na wuce tirela ya ce ina sauri lahira, in na bi bayanta ya ce ko hayaƙin nake so. Duk inda lokacin sallah ya same mu sai na tsaya, ya shimfiɗa darduma a gefen gidan mai, Turawa masu ƙaton ciki suna kallo, shi ko a jikinsa. Wani wuri mai shago ya fito ya tambaya ko tsohon ya faɗi ne. Tsoho ya sallame ya ce in gaya masa ya faɗi, amma da gangan.

Da muka shiga Kansas na fara leƙen dutse. Babu. Muka yi ta tafiya yamma, itatuwa suka ƙare, gidaje suka ƙare, ƙasa ta kwanta shafal kamar an goge ta da dutsen guga. Na ce wataƙila yana bayan gajimare. Gajimaren ma babu. Can kusa da iyakar Colorado taswirar waya ta ce mu sauka daga kwalta, muka hau hanyar burji. Tsakuwa ce zalla, tana buga ƙarƙashin mota kamar ana soya gyaɗa, ƙura ta tashi a bayanmu, motar na wutsil-wutsil da gindi. Hagu waya mai ƙaya da ciyawa, dama waya mai ƙaya da ciyawa. Sai ka yi tafiya mai nisa ka ga kwana, ka sha kwanar, ka tarar da irin hanyar da ka baro. Wata motar gona ta wuce mu ta harbo tsakuwa, gilashin gaba ya tsage. Sabis ɗin waya ya ɗauke. Na ce, "Tsoho, fasinjan nan naka ya biya ka kuɗin mota kuwa? Don da gani maƙaryaci ne." Ya ce in kalli hanya.

Daga ƙarshe muka ga ɗan allo da kibiya, da wasu ƙarafa da aka shimfiɗa a ƙasa don kada shanu su fita. Zan shiga kenan ya dafa hannuna.

"Tsaya. Gonar wa ce wannan?"

Na ce ta wani ce, amma allo ya ce kowa na iya shiga.

"Allo ne mai gida?"

"An rubuta fa, Tsoho. Ana maraba da baƙi."

"Ni ba na shiga ƙasar mutum ban gaishe shi ba. Mu 'yan zango ne. Kakanninmu duk inda suka sauke kaya, sai sun nemi mai ƙasa sun kai masa goro kafin su kafa ko tukunya. Juya mu neme shi."

A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, ba na wasa ba. Na ce kwanaki ina tuƙi, bayana ya ƙage, mai ya kusa ƙarewa, ga wuri nan a gabanmu, kuma zai sa ni yawon neman wani Bature da bai san ma ana cin goro ba. Na ce wannan ƙauyanci ne. Ya ce ƙauyancin ne ya sa har yau ba a kore mu daga Kumasi ba. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya ɗauki sandarsa da ƙullin goronsa, ya kama hanyar burjin nan a ƙafa, cikin rana, mutumin da likita ya ce kada ya hau ko matakala da sauri. Na bar shi ya yi nisa, ina cewa zai juyo. Bai juyo ba. Na bi shi a hankali da mota, gilas a sauke, ina ce masa ya shigo, yana tafiya kamar bai san ni ba, babbar riga na kaɗawa. Sai da na ce na ji, za mu nema, sannan ya tsaya ya ce, "Buɗe mani ƙofa. Direban kirki shi ke buɗewa."

Muka yi ta zagaye har muka hango wani gida da rumbunan ƙarfe. Wata tsohuwar Baturiya ta fito da takalmin roba, kare na bin ta. Tsoho ya cire hula, ya ɗan rusuna, ya yi mata gaisuwa cikakkiya da Hausa, da gida da iyali da shanu da gajiya, ko da yake Turancinsa na taksi ya isa. Ya ce gaisuwar girma ba a yin ta da aron baki, ni in fassara. Na fassara rabi. Ta ce ita ba ita ce mai wurin ba, maƙwabta ne, kuma masu wurin ba sa hana kowa. Ya ce to ta karɓi goro ta isar masu, ta ce baƙi daga New York sun nemi izini. Ta juya goron a hannu, ta tambaya ko shukawa ake yi. Na ce ci ake yi. Ta gatsa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka, amma don kunya ta haɗiye, ta ce yana da ban sha'awa. Ta cika mana butar da ruwa, ta ce za ta isar. Tsoho ya shigo mota yana ƙyalli ya ce, "Ka gani? Tana da tarbiyya. Ta fi ka."

Muka koma, muka tsallake ƙarafan, muka bi wata 'yar hanya cikin ciyawa, kashin shanu ko'ina. Sai ga wani ɗan shinge, da teburin katako a ƙarƙashin 'yar rumfa, da wani fure da aka ƙera da tsofaffin ƙarafa. Hanya ta ƙare. Na kashe mota na fito da takalmin hawan dutsena da jakata mai igiyoyi.

Na ce, "Ina dutsen?"

Ya ce, "Kana kansa."

Na juya gabas, fili. Na juya yamma, fili. Wallahi tudun da ke layinmu a Tompkinsville, wanda Kakata ke hutawa sau biyu kafin ta hau, ya fi wannan kama da dutse. Wata saniya ta ɗago kai ta kalli takalmina ta mayar. Ashe duk kwanakin nan hawa muke yi a hankali ba mu sani ba, ƙasar ce ke tashi gaba ɗayanta. Tsoho ya sani tun farko, fasinjan ya gaya masa. Ya bar ni na sayi igiya. Ya jingina da mota yana dariya har tari ya sarƙe shi, yana nuna jakata da sanda, ya kasa magana.

Ya yi alwala, ya sa ni na taka gefen darduma don iska kada ta tafi da ita, ya yi raka'a biyu. Iskar wurin ba irin tamu ba ce da gine-gine ke karyawa, wannan daga nesa take zuwa ba abin da ya tare ta. Da ya idar ya daɗe a tsaye, gajeren mutum, sama ta kife a kansa ta kowane gefe. Sannan ya zauna a bencin teburin ya ce in zauna.

Ya ce, "Kakana daga Katsina ya taso da jakuna, fataucin goro. Ya mutu a Salaga ta ƙasar Gana, a Salaga aka sa shi. Ubana a Salaga aka haife shi, ya mutu a Kumasi, a maƙabartar Tafo aka sa shi. Ba wanda ya ɗaure gawa a bayan jaki ya ce zai mai da ita gida. Inda muka sauke kaya na ƙarshe, nan ne. Ni a New York na sauke. Kawunka zai so ya sa a tsotse mani jini a ɗura mani magani, a sa ni a kago cikin kayan jirgi kamar tsohon firij, don a ga ya yi. Ba na so. A wanke ni, a sa ni ƙasa da wuri, a ƙasar nan. Kada ka bari."

Na ce, "Me ya sa ni? Ka gaya wa Liman mana."

"Liman zai ji nauyin kawunka. Uwarka za ta yi kuka ta yi shiru. Kakarka in na fara maganar mutuwa sai ta kunna rediyo. Duk gidanmu kai kaɗai ne ba ka da kunya."

"Sai ka jawo ni ƙarshen duniya don ka gaya mani wannan? A kicin ba ya faɗuwa?"

"A gida in na fara magana sai ka toshe kunne da waya ka fita. Nan ina za ka?"

Na duba ko'ina. Da gaskiyarsa.

Washegarin ranar da Kawu ya yi mani gargaɗi aka kawo Tsoho masallacinmu, wanda da shago ne, ƙofarsa ɗaya ce siririya. Aka wanke shi, aka sa likkafani, aka yi sallah bayan azahar. Motar kamfanin na jira a waje da injin a kunne. Samari huɗu 'yan Kumasi suka ɗaga akwatin. Ni ban shirya komai ba, na rantse. Na dai ga akwatin ya nufo ƙofa, sai na samu kaina na zauna a dokin ƙofar na miƙe ƙafa.

A zangonmu akwai al'ada. In tsoho ya mutu, jikoki kan tare gawa a ƙofa, su ce ba za a fita da abokinsu ba. Sai a ba su ɗan wani abu, a yi dariya cikin hawaye, su tashi. Ba a tsallake jika da gawa. To da aka gan ni a zaune, tsofaffinmu suka yi murmushi, wani ya ce, "Jika ya tare hanya, a sallame shi." Kawu ya sa hannu a aljihu, ya jefo mani kuɗi a cinya ba tare da ya kalle ni ba. Na bar su suka zame ƙasa. Ya ƙara. Ban taɓa ba. Murmushin ya fara bushewa.

Kawu ya ce, "Ku tsallake shi."

Samarin suka kalli juna. Ɗayansu ya ce wa Kawu, "Alhaji, a'a." Suka sauke akwatin a kan kafet.

Alhaji mai turare ya matso ya ce wannan bidi'a ce ta mutanen Gana, ba ta da asali a addini, a janye yaron. Liman ya shafa gemu ya ce, "Bon, bidi'a ce. Tsotse jinin mamaci kuma fa, Alhaji, a wane littafi sunna ce?" Alhaji ya duba agogo.

Kawu ya durƙuso gabana, idonsa ja. Ya ce, "Kai ka san abin da za a ce a gida? Za a ce ubana ya yi mani komai, ni kuma na yar da shi a ƙasar mutane kamar mara gata. Kai ba ka da sunan da za a ɓata, ni ina da shi." A ranar ne kaɗai na ji tausayinsa, kaɗan. Na ce, "Kawu, ni dai ya ce kada in bari."

Liman ya ce a tambayi matarsa. Kakata na ɓangaren mata bayan labule, ta zo ganin fuskarsa kafin a rufe. Aka ɗage labulen kaɗan, tana zaune a kujera, uwata na riƙe da kafaɗarta. Liman ya ce, "Hajiya, marigayi ya taɓa gaya maki inda yake so a sa shi?"

Ta ce, "Bai gaya mani ba."

Kawu ya miƙe ya ce to an ji.

Ta ce, "Ban gama ba. Zo nan." Ya je ya tsaya gabanta da kwat ɗinsa. Ta ce, "Ubanka ya bar ni a Kumasi da ku kuna ƙanana, yana nan ina can, shekara da shekaru ina jiran takarda. Sai da gashina ya fara fari na iso. Yanzu kuma za ka mai da shi can, ni ina nan? Ƙafafun nan sun gama hawa jirgi. Wa zai kai ni wurinsa?"

Ya ce, "Mama, mutanen gida za su yi magana."

Ta ce, "Ka ba su lambata."

Injin motar nan na ta ƙara a waje. Kawu ya juya. Sannan ya fita ta gefena, ya tsallake ƙafata, ya je ya yi magana da direban. Motar ta tafi babu kowa a bayanta.

Da gari ya waye muka kai shi maƙabartar Musulmi a New Jersey, ana yayyafi. Masu yabon shekaranjiya da yawa ba su zo ba, da nisa, kuma babu rumfa babu mai ɗaukar hoto. Waɗanda suka zo tsofaffin direbobin taksi ne da ban taɓa gani a falon Kawu ba, suka jera motocinsu a bakin hanya. Kawu da kansa ya sauka cikin ramin, taɓo har gwiwa, ya karɓi ubansa ya kwantar, ya gyara masa fuska zuwa alƙibla. Da zai fito ni na fi kusa, na miƙa masa hannu. Ya kama, na jawo shi. Yana tsaye yana karkaɗe wando, bai kalle ni ba, ya ce, "Na ba ka zuwa ƙarshen wata."

Na ce na gode.

Yanzu a cikin tsohuwar motar nake ajiye kayana kaɗan-kaɗan, gilashin har yau a tsage. Wani abokina a Bronx ya ce akwai kujera a falonsa. Duk Juma'a bayan masallaci ina ɗaukar Kakata in kai ta New Jersey, ta zauna a kujerar roba a bakin kabarin Tsoho ta yi ta gaya masa wanda ya haihu da wanda ya yi aure, ni ina cikin mota ina jira.

Allah Ya jiƙanka, Tsoho. Ya yafe maka zage-zagen da ka yi mani, don ni ban gama yafewa ba. Ya yalwata maka inda kake kwance, Ya sa ka iske waɗanda suka riga ka sauke kaya a Salaga da Tafo. Matarka tana hannuna.